Kare ba alƙali ba ne



Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau, wani abu ne da ya same mu a hanyar dawowa daga Anaca da kayan shagon Babanmu. Mun wuce Wukari, ba mu kai Mutum Biyu ba, sai wasu masu kaki suka tsayar da mu a shinge. Direba ya miƙa takardu, suka duba, babu matsala. Muna shirin tashi sai ɗaya ya leƙo ya ga huluna da jamfofi, ya ji muna Hausa, ya ce a gangara gefe a jira kare. Mun fi awa biyu a rana. Da karen ya zo, ya zaga motar sau biyu bai kula komai ba, sai mai riƙe da shi ya riƙa bubbuga wata dilar atamfa yana jan igiya, har karen ya zauna. Shi ke nan, aka ce kare ya nuna. Aka sa wuƙa aka farke dila uku, aka zazzage katan-katan a ƙasa. Ko ƙwayar fanadol ba a samu ba. Babu haƙuri, babu takarda, mu muka biya 'yan dako suka mayar da lodi.

Da muka iso gida, Baba ya ce, "Kai dai ka gode wa Allah ba su saka maka wani abu a ciki ba." Wallahi wannan maganar ta fi farke dilar ƙona mini rai, domin ta nuna inda muka kai: wanda aka zalunta shi ke godiya.

Kada wani ya ce ina kare 'yan ƙwaya. Duk wanda ke zaune a garin nan ya san abin da taramol da kodin suka yi wa samarinmu, har da 'ya'yan gidajen mutunci. Binciken da gwamnati ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya ce mutum miliyan 14.3 ne ke shaye-shaye a Najeriya. Hukumar NDLEA tun 1989 aka kafa ta don wannan yaƙi, kuma ina son ta ci nasara. Kare ma yana da amfani, hancinsa ya fi namu nesa ba kusa ba. Rigimata ita ce a mayar da zaman kare ya zama hukunci.

Ni sakandare kaɗai na yi, amma na iya karatu, kuma doka ba a ɓoye take ba. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, sashe na 41 ya ba shi 'yancin zirga-zirga ko'ina a ƙasar nan, bai ce sai a jihar kakansa ba. Dokar 'yan sanda ta 2020 da Buhari ya sa wa hannu ta yarda a tsayar da mutum a caje shi ko motarsa, amma sai da zargi mai tushe. Kafin a fara, jami'i zai faɗi sunansa da ofishinsa da abin da yake nema da dalilinsa. Sannan sashe na 54 ya fito fili ya ce launin fata, shekaru, askin kai ko irin tufafin mutum ba dalili ba ne, haka nan tunanin cewa wasu irin mutane sun fi aikata laifi. To, ku gaya mini, ban da hula da harshe, me aka gani a motarmu kafin a kira kare? Dokar ta ce zargi ya riga bincike. Su kuwa sun tsare mu tukuna, sannan suka aika a kawo musu zargin da igiya a wuya.

A Amurka an kai wannan magana har kotun ƙoli. A 2005, a shari'ar Caballes, kotun ta ce idan an tsayar da mota bisa ƙa'ida, kare ya shinshina ta daga waje ba laifi. Amma a 2015 wani mai suna Rodriguez ya kai kuka: ɗan sanda a jihar Nebraska ya gama da takardunsa, sannan ya riƙe shi minti bakwai ko takwas don a zaga da kare. An ma samu ƙwaya a motar, duk da haka kotun ta ce ba a yarda a tsawaita tsayuwa don jiran kare ba, sai da wani zargi na daban. Minti takwas fa! Mu da muka yi awa biyu da kaya halal sai mu ce me?

Kuma shi karen yana kuskure, musamman idan ya ga abin da ubangidansa ke so. A 2011 masu bincike a jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun gwada karnuka 18 da masu riƙe da su a ɗakunan da babu ƙwaya ko kaɗan, amma aka ce wa mutanen akwai. Sama da sau 200 aka ce kare ya nuna, kuma an fi samun haka a wuraren da aka sa wa mutanen alamar ƙarya. A shekarar 2011 ɗin dai jaridar Chicago Tribune ta duba bayanan 'yan sandan yankinsu, ta ga kashi 44 cikin ɗari ne kawai na nunin kare aka samu wani abu, idan direban ɗan asalin Latin Amurka ne kuwa kashi 27. Wato kare ba ya ƙabilanci, amma hannun da ke riƙe da igiya yana iya koya masa. Mu da ake kira baƙi a garin da aka binne cibiyarmu, ba sai an fassara mana wannan ba.

Abin da ya ƙara ba su ƙarfin gwiwa a nan shi ne kotunanmu. Tun shari'ar Musa Sadau a 1968 kotun ƙoli ta ce hujjar da aka samo ta haramtacciyar hanya tana iya karɓuwa, dokar shaida ta 2011 kuma ta bar wa alƙali ya auna. Idan jami'i ya samu kaya, ya ci riba. Idan bai samu ba, babu mai tambayarsa. Asarar tana kan ɗan kasuwa. Na san malamanmu na Malikiyya sun ce kare mai rai ba najasa ba ne, amma je ka faɗa wa Hajiya mai haɗa lefe cewa kare ya tattaka turmin nan, ka ga ko za ta saya.

Laifinmu kuma shi ne saurin sa hannu a aljihu. Mun koya musu cewa Bahaushe ba ya tambaya, biya yake yi. Ina kira ga shugabannin kasuwa da na 'yan mota da iyayenmu na unguwa su daina ɗaukar abin nan a matsayin ƙaddarar hanya. A buɗe littafi a ofishin ƙungiya, duk wanda aka tsare ya rubuta rana da wuri da tsawon lokaci da abin da aka ɓata masa, in ya taru a ɗauki lauya ɗaya a kai wa shugabanninsu da hukumar kare haƙƙin ɗan Adam. A kan hanya kada ka yi gardama da mai bindiga, amma cikin ladabi ka tambayi suna da dalili, kuma kada ka matsa daga jikin kayanka har a gama.

Ni dai rasit ɗin dilolin nan uku yana wurina, na kuma rubuta ranar da wurin. Wanda irin haka ta same shi, ya neme ni a shago bayan La'asar mu fara haɗa namu.