Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara

A wannan mako za mu ɗan huta da maganar siyasa da tsadar abinci, mu waiwayi wani al'amari wanda manya suka ɗauka wasan yara ne, alhali kuwa yana nan yana gina tunanin 'ya'yanmu. Ina nufin littattafan almara, watau labarun aljanu da dodanni da jarumai, da kuma labarun da ake bayarwa cikin zane, musamman irin na mutanen Japan, waɗanda suke kira manga.

Duk wanda ya zauna da 'yan makarantar sakandare a Potiskum ko a cikin garin Fika ya san sunayen Naruto da Goku ba baƙi ba ne a bakinsu. A wayar hannu suke karanta su, da Turanci, wannan ya tura wa wancan. Saboda haka a 'yan watannin nan na nemi wasu daga ciki na karanta, sa'an nan na ɗauko namu na da na sake bi, don in auna su a ma'auni ɗaya.

Abin da ya fara ba ni sha'awa shi ne daga dama ake buɗe littafin manga, a bi zanen zuwa hagu, kamar yadda muke karatun allo da ajami. Da aka fassara su zuwa Turanci, yawancinsu ba a juya su don a daɗaɗa wa Bature ba, shi ne ya koyi bin su. Kuma kada a raina kasuwarsu. Mujallar Shonen Jump, wadda ta soma fita a 1968, ta kai ga buga kwafi fiye da miliyan 6 a kowane mako a tsakiyar shekarun 1990. Labarin One Piece na Eiichiro Oda, wanda ya faro a 1997, ya zarce kwafi miliyan 500 tun a 2022.

To, mene ne sirrin? A ganina, daga rumbun gida suke ɗiba. Akira Toriyama, wanda ya rasu a 2024, ya gina Dragon Ball a 1984 bisa wani tsohon labarin Sin na ƙarni na 16 game da sarkin birai, labarin da mutanen Japan suka daɗe da saninsa. Shi kuwa Naruto, wanda Masashi Kishimoto ya zana daga 1999 zuwa 2014 cikin littafi 72, maraya ne da aka kulle wata dabba mai kama da dila, mai wutsiya tara, a cikin jikinsa, mutanen gari suna gudunsa. Wannan dabba kuwa tana cikin tatsuniyoyinsu tun kaka da kakanni, kamar yadda Dodo da Gizo da Ƙoƙi suke cikin namu. Abincin da yaron yake ci nasu ne, gaisuwarsa tasu ce, ladabinsa ga malaminsa nasu ne. Ga shi kuma ba a haife shi gwani ba. Yana faɗuwa jarrabawa, ana kayar da shi, yana komawa ya sake koyo. Ina jin wannan shi ya sa yaranmu suke ganin kansu a cikinsa.

Da na juyo gida, na karanta wasu daga littattafan yaƙi da ake bugawa a Kano. Marubuta irin su Abdul'aziz Sani Madakin Gini da Nazir Adam Salih sun cancanci yabo, domin sun riƙe samari da karatun Hausa a lokacin da ake cewa samari ba sa karatu. Amma akwai abin da yake damuna game da yawancin littattafan wannan fanni. Birnin da ake labari kullum yana can wajen Misra ko Kisra, sunayen mutanen ba ka taɓa jin su a unguwarku ba, jarumin kuma da sara ɗaya yake zubar da dakaru dubu, bai taɓa jin yunwa ba, bai taɓa jin tsoro ba. Mutum ya gama littafi, ya sha mamaki, amma bai ga kowa nasa a ciki ba.

Magabatanmu ba haka suka yi ba. A gasar rubutu da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. Dukansu biyu sun kai mu har ƙasar aljanu, amma daga Kwantagora suka ɗauko hanya. Ganɗoki da yaƙin Turawa na gaskiya ya soma kafin ya shiga na almara, Malam Zurƙe kuwa duk wanda ya zauna a tasha ko bakin kasuwa ya taɓa gamuwa da irinsa. Umaru Dembo ma, a Tauraruwa Mai Wutsiya ta 1969, yaron ƙauye ya ɗauka ya kai sararin samaniya. Ba wai ba su yi aro ba. Imam ya ɗebo labaru daga Larabawa da Turawa ya zuba a Magana Jari Ce, sai dai ya kai su marinar gida ya rina, har suka zama namu.

A fannin zane kuwa an bar mu a baya. Iyayenmu sun ga labarin Lance Spearman cikin hotuna a mujallar African Film wajen ƙarshen shekarun 1960, sun ga Powerman a 1975, wanda Turawan Ingila suka zana domin kasuwar Nijeriya. 'Yan'uwanmu na Kudu sun tashi tsaye tun daga lokacin. Na karanta Malika, wadda Roye Okupe ya fitar a 2017, jarumar da ya gina bisa tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau. Aiki ne mai kyau ƙwarai, na kuwa yaba. Amma da Turanci yake, kuma tambayar da ta tsaya mini a rai ita ce: ina masu zanen Zariya suke har wani ya riga su?

Littafin da ya fi taɓa zuciyata ba na aljanu ba ne. Sunansa Barefoot Gen a fassarar Turanci, watau Gen mara takalmi. Keiji Nakazawa yana da shekara 6 aka jefa bam ɗin nukiliya a garinsu Hiroshima ran 6 ga Agusta, 1945, ya rasa mahaifinsa da yayarsa da ƙanensa. A 1973 ya soma zana abin da idonsa ya gani, ta bakin wani yaro, kuma a cikin mujallar yara ya fara bugawa. Bai ɓoye wuta da yunwa ba, bai kuma koya wa yaro ramuwar gayya ba.

Ba yadda za a yi mutumin Yobe ya karanta wannan bai tuna da Mamudo ba, inda aka kashe mutum fiye da 40, yawancinsu ɗalibai, a watan Yuli na 2013, ko harin da aka kai makarantar kimiyya ta Potiskum ran 10 ga Nuwamba, 2014, ana tsakiyar taron safe, ɗalibai fiye da 40 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Waɗanda suka tsira yau magidanta ne. Ƙannensu da 'ya'yansu za su so su san abin da ya faru, kuma in ba a ba su labarin ta hanyar da za ta sanyaya zuciya ba, wani zai ba su ta hanyar da za ta hura wuta.

Kayan aiki kuwa ba mu rasa ba. Ga labarin Bolewa na tasowarsu daga gabas, da zamansu a kan dutsen Daniski, da saukowarsu Fika wajen 1805, da mayar da fada Potiskum a 1924. Ga jerin sarakuna masu sarautar Moi sama da 40. Ga tatsuniyoyin Ngizim da Karekare da Ngamo. Marigayi Farfesa Russell Schuh na Amurka da Alhaji Maina Gimba na Jami'ar Maiduguri, tare da 'yan ƙasa, sun tattara da yawa daga ciki, suka kuma fitar da ƙamusoshin waɗannan harsuna a 2004. Mu faɗi gaskiya, Hausa tana cinye harsunan nan a bakin yaran birni. Littafin zane mai ɗauke da Bolanci a sama, Hausa a ƙasa, zai yi aikin da lacca goma ba za ta yi ba, domin gani ya kori ji.

Na san iyaye suna da fargaba, kuma suna da hujja. Cikin manga akwai masu tsiraici da zubar da jini waɗanda ko a Japan ba don yara aka yi su ba, waya kuwa ba ta tambayar shekarun mai karatu. Wajibi ne uba ya san abin da ɗansa yake dubawa. Amma hani kaɗai ba ya magani, sai an ba yaro abin da zai maye gurbi. Game da hukuncin zanen mai rai, wannan fagen malamai ne, a tuntuɓe su. Abin da kowa ya sani shi ne da hotuna muka tashi muka sami Magana Jari Ce da littattafan firamare.

Shawarata guda uku ce. Majalisar Masarautar Fika, tare da Kwalejin Ilmin Fasaha ta Tarayya da ke Potiskum, su sa gasar zana tatsuniya a kowace shekara, da kyauta mai tsoka. Mun ga abin da gasar 1933 ta haifar, mun kuma ga yadda Hikayata ta BBC Hausa ta fito da mata marubuta tun daga 2016. Na biyu, marubutan littattafan yaƙi su nemi masu zane su haɗa hannu, su kuma dawo da jarumansu gida. Na uku, mu 'yan jarida mu ware ko rabin shafi ne kowane mako don labari cikin zane, tunda manga kanta a shafin mujallar mako ta girma.

Yaron da malami ya kama yana zane a bayan littafin lissafi, kada a tsaya ga bulala. A duba abin da ya zana, a ba shi takarda da fensir, a kai shi wurin kakarsa ta yi masa tatsuniya. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Sai mun sadu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.