Kowa Ya Samu Almakashi, Amma Wa Ke Ajiye Asalin Bidiyon?

Duk wanda ya zauna a majalisar samari a Dougoï bayan sallar isha'i a 'yan kwanakin nan zai ji gardama iri biyu. Ta farko ta ƙwallo ce, kuma tsohuwa ce, tun kafin Coton Sport ta Garwa ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka a 2008 ake yin ta. Ta biyun ce sabuwa: wace manhaja ce ta fi iya tace bidiyo? Wannan ya ce CapCut, wancan ya rantse da KineMaster, na uku ya ce shi InShot ta ishe shi tunda wayarsa Itel ce, ba ta ɗaukar nauyi. Daga nan sai a miƙa wayoyi, a kunna Xender, kafin shayi ya huce kowa ya samu tasa.

Mu dai muna murna da wannan. Shekara goma sha biyar da suka wuce, wanda yake son bidiyon ɗaurin aure ko saukar Alƙur'ani sai ya nemo mai kyamara, ya jira kwana da kwanaki kafin a miƙo masa faifai. Yau yarinya mai sayar da turaren wuta tana haɗa tallanta da kanta, tela yana nuna ɗinkinsa, ɗalibin Jami'ar Marwa yana naɗar fuskar wayarsa ya nuna wa ƙannensa a ƙauye yadda ake cike takarda ta intanet. Mu da muke magana da Hausa a ƙasar da hukuma ke aiki da Faransanci da Turanci, kasuwa kuma a nan arewa take ci da Fulatanci, ba ƙaramin abu ba ne mu ga harshenmu a kan fuskar waya, da muryar 'ya'yanmu, ba sai mun jira abin da ya fito daga Kano ba.

To amma in ka saurari yabon da ake wa waɗannan manhajoji, duk a kan abu uku yake yawo: wacce ba ta manna tambarin kamfani a kusurwar hoto, wacce ke goge ƙurajen fuska, wacce kuma ba ta cin data. Bari mu faɗi namu a taƙaice kafin mu je ga abin da ya fi damun mu.

CapCut ta kamfanin ByteDance ce, mai TikTok, shi ya sa komai nata an gina shi ne don gajeren bidiyo mai tsaye, mai saurin yanka. Tana da sauƙin koyo, amma kayan ado da yawa sai wanda ya biya kuɗin wata. KineMaster ta Koriya ta Kudu ce, ta fi ba mutum iko a kan sauti da jera hotuna bisa juna, sai dai ta kyauta tana barin tambarinta. Naɗar fuskar waya kuwa, yawancin mutane ba sa ma buƙatar sauke komai: tun Android 11 da ya fito a 2020 abin yana cikin wayar, iPhone kuma tun 2017. Mai kwamfuta yana da OBS Studio don naɗa, da Shotcut ko Kdenlive don tacewa, duka kyauta ne na halal, ba sata ba. DaVinci Resolve ma tana da ta kyauta, kuma da ita ake aikin manyan finafinai, amma tana son inji mai ƙarfi. Tsohuwar kwamfutar gwanjo a zafin watan Afrilu na Marwa, ga wuta tana zuwa tana tafiya, wahala kawai za ta sha.

Akwai gwaji ɗaya da ba mu taɓa jin wani mai sharhi na ƙasar waje ya yi ba, don ba matsalarsa ba ce. Kafin ka zaɓi salon rubutun da za ka ɗora a kan bidiyo, rubuta ƙ da ɗ da ɓ ka gani. Yawancin rubutun nan masu ƙawa ba su san haruffanmu masu ƙugiya ba. Ko su fito da ɗan akwati, ko mutum ya gaji ya rubuta k da d da b. Shi ya sa ake ganin bidiyon walima yana yi wa "manyan baki" barka da zuwa. Abin dariya ne, amma yara daga nan suke koyon rubutu yanzu.

Abin da ba na dariya ba shi ne manhajar da aka fasa, wadda ake kira mod. Don gudun tambari da kuɗin wata, samari na karɓar kwafin da wani wanda ba su sani ba ya buɗe ya sake ɗinkewa. Wannan manhaja tana neman izinin shiga hotunanka, da makirufo, wani lokaci har da ganin duk abin da ke gudana a fuskar wayar. A cikin wayar nan fa akwai MoMo ko Orange Money, akwai hoton matarka ba lulluɓi, akwai hirarka da abokin ciniki. Ka ba baƙon da ba ka ga fuskarsa ba makullin ɗaki don kawai kada a ga ɗan tambari a kusurwa? Cinikin bai yi ba. Ko ta halal ɗin ma a yi hattara: a watan Yunin 2025 an yi ta ce-ce-ku-ce a duniya kan sharuɗɗan CapCut, saboda faɗin ikon da suke ba kamfanin a kan abin da mutum ya ɗora a rumbunsa na intanet. Bidiyon cikin gida na mata, na kamu ko na suna, gara a tace shi a cikin waya ya zauna a cikin waya.

Yanzu ga inda muka dosa. Babban aikin duk waɗannan manhajoji yanka ne. Almakashi ne. Kuma a duk gardamar majalisa ba mu ji ana tambayar me aka yanke, ko ina asalin yake ba.

Mutanen Arewa Mai Nisa sun fi kowa sanin darajar bidiyon da ba a taɓa ba. A watan Yulin 2018 wani bidiyo ya bazu, yana nuna masu kakin soja suna tafiya da mata biyu da ƙananan yara biyu, suka rufe musu ido suka harbe su. Kakakin gwamnati na lokacin, Issa Tchiroma Bakary, ya fito ya ce labarin ƙarya ne. Wasu suka ce a Mali aka ɗauka. Masu bincike na BBC Africa Eye da abokan aikinsu suka zauna da bidiyon. Layin duwatsun da ke bayan mutanen suka daidaita da hoton tauraron ɗan'adam, sai ga shi kusa da Zeleved ne, a Mayo-Tsanaga. Inuwar sojojin a ƙasa da gine-ginen da ke gefen hanya suka nuna cewa a 2015 abin ya faru. Irin bindigogi da kaki suka nuna su wane ne. Gwamnati ta kama sojoji bakwai, kuma a watan Satumban 2020 kotun soja a Yawunde ta ɗaure huɗu shekara goma-goma, na biyar shekara biyu saboda ɗaukar bidiyon da yaɗa shi, ta sallami biyu. Mutane da yawa sun ga hukuncin ya yi sauƙi. Amma ko shi ɗin, duwatsu da inuwa ne suka kawo shi.

Yanzu a ce bidiyon nan ya fara faɗawa hannun ɗaya daga cikin ƙwararrunmu na yau. Zai datse gefe da gefe don ya dace da tsayin TikTok, duwatsu sun tafi ke nan. Zai dusashe bayan hoton, ya ƙara launi, inuwa ta lalace. Zai cire muryoyin ya ɗora waƙar tausayi, sunayen da ake kira a ciki sun ɓace. Da niyyar kirki fa zai yi, don mutane su ji zafin abin. Amma da ya gama, da wanda ya ce ƙarya ne ya ci nasara.

Wannan ɓangare ɗaya ke nan, inda tacewa ke kashe gaskiya. Ɗaya ɓangaren, inda take haifar da ƙarya, ya fi kusa da mu, kullum yana cikin zaurukanmu na WhatsApp. Malami ya yi karatu na awa ɗaya da rabi. A tsakiya ya kawo maganar wasu don ya warware ta. Wani ya naɗo karatun daga Facebook, ya yanko daƙiƙa arba'in na maganar da malam ya kawo, ya jefar da warwarar, ya rubuta da jan rubutu "Ku ji abin da ya faɗa". Kafin asuba abin ya je Garwa, ya je Ngaundere, ya je Briqueterie a Yawunde da New Bell a Duwala. Ɗan Izala ya yi wa ɗan ɗarika, ɗan ɗarika ya rama. Mu da ba mu da yawa a ƙasar nan, muna aure da juna, muna bin gawa tare, sai ga daƙiƙa arba'in ta hana maƙwabci gaida maƙwabci. A Nijeriya mai miliyoyin Hausawa wataƙila gari ya haɗiye irin wannan. Unguwa kamar tamu ba ta da wannan cikin.

Abin mamaki, mu ne al'ummar da ta gaji ilimin isnadi. Malaman hadisi ba sa karɓar magana sai sun san wa ya ji daga wa, kuma sun san cewa gutsure magana yana iya juya ma'anarta. Suratul Hujurat ta yi umarni da bincike kafin a yi aiki da labari, duk ɗan makarantar allo da ya yi nisa ya wuce ta wajen. Bidiyon da aka naɗo daga fuskar waya kuwa magana ce da isnadinta ya yanke: babu ranar ɗauka, babu sunan wanda ya fara ɗorawa, sai agogon wayar mai naɗa da alamar cajinsa. Mun ga yadda irin waɗannan suka cika wayoyi bayan zaɓen shugaban ƙasa na 12 ga Oktoban 2025, lokacin da Garwa ke tafasa, na gaske da tsoho da na wata ƙasa duk a kwano ɗaya, iyaye a nan suna kiran 'ya'yansu hankali a tashe.

Sannan akwai doka, wadda ba ta tambayar ko wasa kake yi. Dokar ranar 21 ga Disamban 2010 kan tsaron intanet, a sashe na 78, ta tanadi ɗaurin wata shida zuwa shekara biyu da tarar sefa miliyan 5 zuwa 10 ga wanda ya yaɗa labari ta hanyar sadarwa da ba zai iya tabbatar da shi ba, kuma hukuncin yana ninkuwa in an yi don ta da hankalin jama'a. Ita wannan dokar ta kuma hana naɗar sirrin mutum ba da yardarsa ba. Wannan ya shafi mai naɗar kiran bidiyo da budurwa don ya riƙe ta da shi, ya shafi kishiyar da ke naɗar status ɗin kishiya ta kai ƙara gidan surukai. A ƙarshen 2019 an ƙara sashe a kundin hukunta laifuka kan cin mutuncin ƙabila. In kuma abin ya taɓa tsaro, dokar yaƙi da ta'addanci ta 2014 ce, kotun soja ce. A 2016 an ɗaure wasu samari uku shekara goma saboda saƙon barkwanci na waya a kan Boko Haram da suka tura wa juna. Mutanen Marwa kuma ba su manta da Ahmed Abba ba, wakilin sashen Hausa na RFI, wanda aka kama a garin nan a watan Yulin 2015 bai fito ba sai Disamban 2017. Muna da ja a kan faɗin waɗannan dokoki da yadda ake amfani da su a kan 'yan jarida, kuma za mu ci gaba da faɗa. Amma ranar da jandarma ya karɓi wayar yaro, ba ra'ayinmu zai karanta ba. In yaron yana da asalin bidiyon, da ranarsa da wurinsa, yana da abin kare kansa. In yankakke kawai gare shi, mai tambarin CapCut a ƙarshe, to shi ne mai almakashin har sai ya nuna wani.

Saboda haka shawararmu ga masu wannan sana'a, musamman waɗanda suka fara karɓar kuɗi a kanta, ita ce su ɗauki ajiye asali a matsayin rabin aikin. Katin memori bai kai kuɗin ɗinkin sallah ba. A kwafe abin da kyamara ta ɗauka kafin a taɓa shi, kuma in za a tura wa wani don shaida, a tura shi a matsayin fayil, domin WhatsApp yana matse bidiyon da aka tura ta hanyar da aka saba, ya rage masa kyau. Kwamitocin masallatai da na islamiyyu su ma suna da nasu: duk karatun da aka yarda a naɗa, a ɗora cikakkensa a wuri ɗaya sananne, da kwanan wata, yadda in yankakke ya fito za a ce wa jama'a ga minti kaza, ku je ku ji abin da ya biyo baya. Liman ba sai ya iya KineMaster ba, amma ya kamata ya san wane yaro ne ke riƙe da wayar a sahun gaba, da inda karatun ke kwana.

Mu ma a wannan shafi ba mu wanke kanmu ba. Mun sha ganin gutsuren bidiyo mai zafi muka ji hannu na ƙaiƙayi. Daga yau, duk wanda ya turo mana bidiyo za mu tambaye shi wa ya ɗauka, a ina, yaushe, kuma ina cikakkensa. In babu, ba za mu ɗora ba, ko da wanda aka yanka ɗin malamin da ba ma bin bayansa ne, ko ɗan siyasar da ba mu zaɓa ba.