Tallan maganin ciwo: Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi

Duk mai yawan zuwa asibiti ya san su, ko da bai san sunan sana'arsu ba: samari da 'yan mata tsaf-tsaf, da jaka a hannu, suna jiran likita ya sami sarari. Su ne wakilan kamfanonin magunguna, waɗanda aikinsu shi ne su shawo kan likita ya riƙa rubuta maganin kamfaninsu, mai kemis kuma ya riƙa saro shi. Abin da ido ba ya gani shi ne takardar da ofis ya damƙa wa kowannensu, mai ɗauke da adadin cinikin da ake so ya kawo kafin ƙarshen wata. Garaɓasarsa, ƙarin girmansa, wani lokaci har zamansa a bakin aiki, duk a kan wannan adadi suka rataya.

Idan sabulu ake talla ko lemon kwalba, babu wanda zai ga laifin mai kamfani don ya ce a ninka ciniki. Maganin kashe raɗaɗi kuwa, musamman mai ƙarfi dangin ofiyom, sha'aninsa daban ne. Yawan masu buƙatarsa na haƙiƙa cuta ce take ƙayyade shi, ba wani zama a ɗakin taron daraktoci ba. Duk ranar da adadin da aka ɗora wa wakili ya zarce yawan marasa lafiyar da ke yankinsa, hanyoyi uku ne suka rage masa: ya sa a rubuta maganin ga wanda bai buƙata ba, ya sa a ƙara wa mai sha ƙarfin ƙwaya, ko ya kau da kai yana ganin kayan suna sulalewa zuwa hannun 'yan shaye-shaye. Dukkan ukun sun faru a Amurka, kuma har yau ƙasar ba ta gama binne gawawwakinta ba.

A watan Disamba na 1995 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da wani sabon magani mai suna OxyContin na kamfanin Purdue Pharma, mallakar iyalan Sackler. Ya shiga kasuwa a 1996. Kafin zuwansa, likitoci sun fi keɓe irin waɗannan magunguna ga masu cutar kansa da waɗanda aka yi wa tiyata. Wannan kasuwa ta yi wa kamfanin kaɗan, sai ya karkata ga ƙananan asibitocin unguwa, inda ake zuwa da ciwon baya da ciwon gaɓoɓi. Tsakanin 1996 da 2000 ya ƙara yawan wakilansa daga 318 zuwa 671, yana kuma amfani da bayanan da ke nuna likitocin da suka fi sakin hannu wajen rubuta maganin ciwo, don a san ƙofar da za a fi ƙwanƙwasawa.

Dubi yadda aka tsara ladan aikin. A 2001 matsakaicin albashin wakili dala 55,000 ne a shekara, amma matsakaicin garaɓasar da yake samu kan ciniki dala 71,500 ne, wasu ma sun kusa kai dala 240,000. Wato abin da mutum yake samu saboda yawan ƙwayoyin da aka rubuta ya fi albashinsa. Wanda aka ɗaure abincin iyalinsa a kan irin wannan ma'auni ba ya buƙatar a ce masa ya yi ƙarya. Ma'aunin zai koya masa. Duk da haka, ƙaryar ma an ba su ita a shirye. An horar da su su shaida wa likitoci cewa haɗarin maganin ya zama jaraba bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Ɗaya daga cikin abubuwan da aka riƙa kafa hujja da su wata 'yar gajeruwar wasiƙa ce mai jimloli biyar da aka buga a wata mujallar likitanci a 1980, wadda ta yi magana a kan marasa lafiyar da ke kwance a asibiti ƙarƙashin kulawa, ba waɗanda za su tafi gida da ƙwayoyi su sha wata da watanni ba.

Akwai kuma batun awa 12. Babban abin tallan maganin shi ne ƙwaya ɗaya tana riƙe ciwo tsawon rabin yini da dare. Da marasa lafiya da yawa suka fara kukan cewa ciwon yana dawowa kafin lokacin, binciken jaridar Los Angeles Times na 2016 ya nuna cewa an umurci wakilai su ja hankalin likitoci su ƙara ƙarfin ƙwayar maimakon su rage tazarar shanta. Ƙwaya mafi ƙarfi ta fi tsada, ta fi kawo garaɓasa, ta kuma fi saurin ɗaure mai shanta. Ciniki ya tashi daga dala miliyan 48 a 1996 zuwa kimanin dala biliyan 1.1 a 2000. A garuruwan masu haƙar gawayi na jihohin West Virginia da Kentucky kuwa, jana'iza ce ta ƙaru. Alƙaluman hukumar daƙile cututtuka ta Amurka sun nuna cewa kusan mutum 500,000 suka mutu sanadin wuce kima da ƙwayoyi dangin ofiyom tsakanin 1999 da 2019. Ba OxyContin kaɗai ya kashe su ba, amma yana cikin waɗanda suka buɗe ƙofar.

A 2007 kamfanin da manyan jami'ansa uku sun amsa laifi a shari'ar yaudarar jama'a game da haɗarin maganin, aka ci su tarar sama da dala miliyan 600, amma ko ɗaya bai kwana a kurkuku ba. Da yake hukuncin bai yi zafi ba, wasu suka ɗauki darasin a karkace. Kamfanin Insys ya fito da Subsys a 2012, maganin fentanil da ake fesawa a ƙarƙashin harshe don masu cutar kansa, ya riƙa biyan likitoci kuɗi da sunan gabatar da lacca domin su rubuta shi har ga waɗanda ba su da cutar. A wannan karon shari'a ta hau sama: an sami wanda ya kafa kamfanin, John Kapoor, da laifi a 2019, aka yanke masa ɗaurin shekara biyar da rabi.

Kada mai karatu ya ɗauka labarin ƙetare ne kawai. A ƙarshen Afrilun 2018 binciken BBC ya nuna ma'aikatan wasu kamfanonin magunguna na Najeriya suna sayar da maganin tari mai kodin ta bayan fage. Nan take gwamnati ta hana sarrafa shi da shigo da shi, hukumar NAFDAC kuma ta rufe kamfanoni uku na ɗan lokaci. Binciken ƙasa kan shaye-shaye da aka fitar a 2019 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 4.6 suna shan magunguna irin su tiramadol ba bisa umurnin likita ba. Kano da maƙwabtanta sun san abin da wannan adadi yake nufi a gidaje. A irin wannan badaƙala, ƙaramin ma'aikaci ake fara kora, kamfani ya ce ba da saninsa ba. Wanda ya sayar da guba ya cancanci hukunci, amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ya kamata mai bincike ya nemi takardar adadin da aka ɗora wa wannan ma'aikaci, ya tambayi wanda ya sa mata hannu yadda ya yi lissafinsa.

Gyaran ba abin da ya gagara ba ne. Kamfanin GlaxoSmithKline ya daina ɗaure ladan wakilansa a kan yawan cinikin kowane mutum a Amurka tun 2011, ya faɗaɗa tsarin zuwa sauran ƙasashe, ko da yake ya sassauta shi a 2019. Wannan ja da baya ya nuna cewa ba za a bar lamarin ga alherin kamfani ba, doka ce za ta tsaya a kai. NAFDAC da hukumar kula da sana'ar harhaɗa magunguna, PCN, suna iya haramta biyan garaɓasa bisa yawan cinikin duk maganin da ke iya zama jaraba, su kuma wajabta wa kamfani bayani idan kayan da yake turawa wani gari suka zarce abin da asibitocinsa za su iya sha. Likitoci su ma su tuna cewa wakili ɗan kasuwa ne, ba malaminsu ba.

Wannan ba kira ba ne na a ƙaurace wa maganin ciwo. Mai cutar sikila idan ciwonsa ya tashi, da mai kansar da ta ci jiki, suna da haƙƙin a sauƙaƙa musu azaba, kuma da yawansu a asibitocinmu ba sa samu. Domin su ne ma ya wajaba a tsare maganin daga haɗama, gama duk lokacin da ya zama annoba, su ne na farko da ake rufe wa ƙofa. Gemun Amurka ya riga ya kama da wuta, namu ma ya fara hayaƙi, kuma ruwan yana hannun hukumominmu. Allah ya sa su yi amfani da shi a kan lokaci.