Abin da Hanya ke Koyarwa: Daga Gaya zuwa Abalak

Wanda ya shiga mota a tashar Gaya ya nufi arewa, in bai yi barci ba, zai ga ƙasa tana sake kama a gabansa. Daga Gaya zuwa Abalak wajen kilomita 700 ne. A wannan tafiya akwai darasi ga manomi, akwai ga makiyayi.

Gaya tana bakin kogin Kwara. A tsallaken kogi ga Malanbil ta ƙasar Benin. Gadar da ta haɗa su an gina ta a 1958, a 2023 kuma aka rufe ta, manyan motoci suka daina ratsawa. Ta gabas ga Kamba ta Nijeriya. Babu inda ya fi nan samun ruwan sama a Nijar: wajen milimita 800 a shekara. Shi ya sa matafiyi ke ganin shinkafa da rake da rogo da dankali. Ga kaɗanya, ga ɗorawa, ga tsamiya, ga kuka. A kwarin Dallol Mawri kuwa giginya ce tsaye dubu bisa dubu. Daga gare ta ake samun azara wadda gara ba ta ci, da muruci, da ganyen saƙa.

Daga Gaya zuwa Doso kusan kilomita 150 ne. Kafin a kai, manyan itatuwa sun fara raguwa. Mota ta hau tudu mai jan marmara. Sabara da geza su ne suka fi yawa. Wuri-wuri sai fako, inda ruwa ba ya shiga ƙasa, gudu yake yi.

Daga Doso hanya ta karkata gabas zuwa Dogon Dutsi, cikin ƙasar Arewa. Nan gero da wake ne sarakai. Ga jajayen duwatsu masu shimfiɗaɗɗen kai, ga gawo cikin gonaki. Kwarin da ke ƙarƙashin garin Dutsi shi ne dai Dallol Mawri ɗin da ya gangara har Gaya. Ruwa bai da nisa a cikinsa, rijiya ba ta wuyar haƙa.

Bayan Birnin Ƙwanni, a Tsarnawa, hanya ta rabu. Ɗaya ta tafi Galmi mai albasa, ɗaya ta hau Adar zuwa Tawa. Adar ƙasar duwatsu ce da kwazazzabai. Ruwan Tawa bai kai rabin na Gaya ba. Amma mutanen Adar ba su naɗe hannu ba. Tun 1975 suka fara jera dogon yaro a kwarin Majiya don tare iska. A 1984 aka soma aikin Keita, maza da mata suka ɗauki duwatsu suka yi shinge, suka tare ruwa, fako ya koma gona.

An wuce Tawa, an wuce tafkin Tabalak, sai ƙasar kiwo. Itacen ƙaya ne jefi-jefi, da aduwa, da tumfafiya. Ga raƙuma, ga shanun Azawak, ga rugagen Fulani da bukkokin Buzaye. A 1961 gwamnati ta yi doka ta shata iyakar noma, ta bar abin da ke arewa da ita ga makiyaya. Duk da haka gonaki sun ƙetare iyakar, makiyaya ta matse.

To, me mutumin Gaya zai ɗauka?

Na farko, itace ba ya ƙarewa rana ɗaya. Sannu yake tafiya, gatari bayan gatari. Tsofaffi ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba. Giginya tana shekaru masu yawa kafin ta ba da azara. In aka tsince ƴaƴanta kaf don muruci, babu ƙarama da za ta gaji babba. A bar wasu su tsiro, a tsare su daga wuta da garma. Mai son sarar giginya ya nemi izini wurin ma'aikatan daji.

Na biyu, manoman Maraɗi da Damagaram sun nuna hanya mai araha. Lokacin sharar gona ba su tumɓuke kututture. Sukan zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi, su sassabe sauran. Da haka gonaki miliyoyin ekta suka sake samun itace. Dashen ranar 3 ga Agusta yana da kyau, amma sai an bi shi da ruwa da shinge.

Na uku, dabbobin da matafiyi ya gani a arewa, su ne ke gangarowa kudu bayan kaka, don ciyawa da ruwa sun ƙare can. Manomi kada ya nome burtali, kada ya toshe hanyar mashaya. Makiyayi kuma ya jira ranar da hukuma ta sa ta sakin gonaki. In ɓarna ta faru, a je wurin mai gari da kwamitin kula da filaye, kada a ɗauki sanda. Taki na makiyayi ne, kara na manomi, kowa na bukatar na ɗan uwansa.

Ruwan sama na Allah ne. Amma giginyar Dallol da burtalin shanu amana ce a hannun mutanen ƙasar Gaya.