Tsakanin mai tara kambu da mai haɗa ɗamara huɗu

Makon jiya na kwana Illela, kuma bayan sallar isha'i na tarad da gardama ta kaure a wata fada, har shayi ya huce ba a sha ba. Wani alhaji mai safarar albasar Galmi ya dage cewa a damben zamani babu kamar Mani Pakiyawo na ƙasar Filifin, wanda ya ci kambun duniya a aji takwas na nauyi. Wani mushen lakwal kuwa ya ce atafau, daraja tana ga wanda ya haɗa ɗamara huɗu na aji guda a ƙugunsa, har ba sauran mai cewa shi ma sarki ne. Da suka nemi in raba su, na roƙi a ba ni mako guda. Ga abin da na gani.

Da farko sai mu san daga ina gardamar ta samo tushe. A zamanin da, aji takwas ne kawai a dambe, kuma galibi kowane aji sarkinsa ɗaya. Yau ajin ya kai 17, ƙungiyoyin da ke naɗa zakaru kuma huɗu ne: WBA, wadda ta ɗauki wannan suna a 1962, da WBC ta 1963, da IBF ta 1983, da WBO ta 1988. Kowace da ɗamararta. In ka yi lissafi, ɗamara 68 ke nan, ban da ƴan ƙananan da wasu ƙungiyoyin ke ƙirƙirowa. Dalili kuwa a fili yake: duk damben da aka yi don ɗamara, ƙungiyar tana yankar rabonta daga kuɗin ƴan damben, kimanin kashi 3 cikin 100. Ɗan kasuwa ya san abin da ke samun haja in ta yi yawa a kasuwa.

Hujjar alhaji ba ta banza ba ce. Pakiyawo ya fara cin kambu a 1998 a ajin kilo 51, ya kai na takwas a 2010 a ajin kilo 70. Duk wanda ya taɓa ɗaukar buhu ya san abin da kilo 19 ke nufi. Mai hawa aji yana barin inda ya fi ƙarfi ya je inda aka fi shi tsawo da faɗin ƙirji, naushinsa ya rage kaifi, nasu kuma ya ƙara zafi a jikinsa. Wannan jarumtaka ce, kuma tana buƙatar shekaru masu yawa na lafiya da horo.

Sai dai akwai ƙofar da alhaji bai duba ba. Tun da kowane aji yana da sarakuna huɗu, mai wayo yana iya hawa, ya zaɓi mafi rauni daga cikinsu, ya karɓe ɗamararsa, ya wuce gaba ba tare da ya taɓa haɗuwa da gwanin ajin ba. A takarda za a rubuta zakaran aji uku ko huɗu, alhali kuwa Hausawa sun ce in ka ji ana ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Wanda ke neman ɗamara huɗu ba shi da wannan mafaka. Dole ya bi masu riƙe da su har su ƙare, ciki har da wanda kowa ke tsoro. Shi ya sa tun kafuwar WBO ba a sami wanda ya haɗa huɗun ba sai a 2004, lokacin da Banad Hofkins na Amurka ya buge Oska Dela Hoya. A ajin masu nauyi kuwa sai a watan Mayu na 2024, da Usik na Yukiren ya rinjayi Taisin Fiyuri a Riyad.

Mushe ma akwai abin da ya tsallake. Haɗa ɗamara huɗu ba ƙarfin damtse kaɗai yake so ba, har da yardar dillalai da gidajen talabijin da ƙungiyoyin su kansu. Akwai gwanayen da aka yi ta kauce musu har ƙarfinsu ya tafi. Kuma riƙon yana da wuya, domin kowace ƙungiya tana da nata ɗan takarar da take tilasta a kara da shi. Usik kansa ya saki ɗamarar IBF a watan Yuni na 2024, sai a Yuli na 2025 ya sake karɓo ta daga hannun Daniyel Dubuwa a Landan.

To, ina mafita? A ganina tana nan gida, a filin kokowa. Tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya zama sarki na farko, ƙa'idar ba ta da ruɗu: jihohi su kawo gwanayensu, ba a auna kowa a sikeli, wanda ya faɗi ya fita daga neman takobi, wanda ya rage a tsaye shi ne sarki. Yau jihohi takwas ne, kowace da mutum goma, takobi kuwa ɗaya tak. Da Isaka Isaka na Doso ya ɗauke shi har sau shida, ba wanda ya tambaya ko na wace ƙungiya ne. Daga Ƙwanni har Malbaza, yaro ma zai gaya maka sunan sarkin kokowa. Je ka tambayi mutane goma wane ne zakaran duniya na kilo 67, ka ji amsa nawa za ka samu.

Saboda haka, in dole sai na zaɓa, ina bayan mushe, domin sarauta an yi ta ne don ta kashe gardama, kuma ɗamara huɗu ce kaɗai ke kashe ta. Amma ba zan sallami alhaji hannu wofi ba, don akwai waɗanda suka hau aji kuma suka nufi sarkin gaske kai tsaye. Henri Amsturon ya riƙe kambu uku lokaci guda a 1938, zamanin da takwas ne duka-duka. Dik Taiga na Nijeriya ya buge Jin Fulma a 1962, ya sake buge shi a Ibadan a 1963, sannan a 1966 ya hau ajin kilo 79 ya karɓe sarauta daga Hose Tores. Terens Kurofod kuma ya haɗa ɗamara huɗu a aji uku: a 2017, da 2023, da Satumba na 2025 da ya rinjayi Kanelo Albares na Meziko. Waɗannan sun cika sharaɗin alhaji, sun cika na mushe.

Abin tambaya ke nan ga duk zakaran da aka ambata maka: wa ya buge? Isaka Dabore bai taɓa ɗaura ko ɗaya daga cikin ɗamarun nan ba, amma tagullar da ya ciwo a wasannin Olimfik na Munik a 1972 ita ce lambar farko da Nijar ta samu a can, kuma da hannunsa ya ƙwato ta a gaban duniya.

Ina kira ga masu kula da kokowarmu da su ɗauki darasi. Raba ƴan kokowa bisa nauyi a gasannin ƙasa da ƙasa abu ne mai kyau, yana ba ƙananan jiki dama. Amma takobi a bar shi ɗaya. Ranar da aka ƙera na biyu don a faranta wa wani rai ko don a sami kuɗin shiga, ranar ce za mu fara irin gardamar da ta hana mu shan shayi a Illela.

Alhaji da mushe, na cika alkawari. Wanda bai gamsu ba, ƙofar wannan fili a buɗe take. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.