Darasin da ba mu gwada ba

Jama'a, mu gaya wa juna gaskiya. Da yawa daga cikinmu masu rubuta darussan C++ da Hausa kwafo misali muke yi mu liƙa, ba mu taɓa kunna shi ba. Inda asirinmu ke tonuwa shi ne wajen koya wa << buga abin da ke cikin ajin tamfilet.

Sai mu sa wannan a cikin ajin Akwati:

friend ostream& operator<<(ostream&, const Akwati<T>&);

Sannan mu rubuta jikinsa a waje da template<class T> a samansa, mu ce an gama. Ina! Layin cikin ajin alkawarin aikin da ba tamfilet ba ya yi, na waje kuwa tamfilet ne, ba su haɗu ba. Gargaɗi kawai g++ zai yi ya wuce, sai linka ya ce bai ga jikin ba. Ɗalibi ya kwana yana zargin kansa, alhali laifinmu ne.

Gyaran ba wuya: a rubuta jikin a cikin ajin, a mayar da ostream& don cout << a << b ya tafi. Mai son waje ya sanar da tamfilet ɗin kafin ajin, ya sa <> bayan sunan.