Kafin Baba ya sayar da gona, je ka ga likita

Duk sanda wani matashi ya ɗora hotonsa a Facebook sanye da farar rigar matuƙin jirgin sama, sai ka ga ana ta rubuta masa "Allah ya sa mu a danshinku." A Kafur har na ji ana shawarar sayar da gona don a kai yaro Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. Buri ne mai kyau, wallahi. Amma akwai ƙofofi biyu da hoto ba ya nunawa.

Ta farko ita ce lafiya. Hukumar NCAA ba za ta bari ka tuƙa jirgin haya ba sai da takardar shaidar lafiya mai daraja ta ɗaya, kuma likitan da ta amince da shi kaɗai ne zai duba ka: ido, kunne, zuciya, hawan jini, fitsari, har da lafiyar ƙwaƙwalwa. Sa tabarau ba ya hana ka, in dai yana gyara ganinka. Amma kasa bambance ja da kore, farfaɗiya ko shaye-shaye na iya rufe maka ƙofar. Kuma takardar ta wata 12 ce, sai a sake duba ka.

Kada ka ce za a yi maka alfarma. A watan Maris na 2015, wani mataimakin matuƙi na kamfanin Germanwings da ya ɓoye wa kamfaninsa rashin lafiyarsa ya faɗa da jirgi kan duwatsun Faransa. Mutum 150 suka mutu.

Ƙofa ta biyu ita ce nauyin jirgi. Lasisin tuƙin haya kan buƙaci kimanin sa'o'i 200 a sama, yawanci a ƙananan jirage. Jirgin da ya haura kilo 5,700 a lokacin tashi, wato buhun masara 57 mai kilo ɗari-ɗari, babban jirgi ake lissafa shi. Kafin ka zauna a gaban irinsu Boeing 737 sai ka sake yin horo na musamman kan wannan samfurin, da wasu kuɗin daban. Zama kyaftin kuwa sai ka tara sa'o'i 1,500.

Don haka, 'yan uwana matasa, ku fara da abin da ya fi araha. Ku je a yi muku wannan gwajin lafiyar kafin a biya ko sisi na makaranta, sannan ku zaunar da iyaye ku lissafa musu kuɗin tafiyar har ƙarshe, ba na lasisin farko kaɗai ba. Wanda bai tsallake ba, ai a Zariyar nan ana koyar da gyaran jirage. Gonar Baba kuwa, in ta tafi ba lallai ta dawo ba.